Tsohon injin katako da sabon makunni: wanne ya dace da shagonka?

A shagunan kafintoci da yawa na garuruwanmu, daga Wudil zuwa Gaya, daga Ringim zuwa Gumel, injin da ke ciyar da shagon ya girmi mai shagon. Wasu tsofaffin injinan Ingila ne irin su Wadkin, wasu na Italiya, wasu kuma maƙera ne suka haɗa teburin da ƙarfe, aka ɗora masa moto na hannu. Jikin irin waɗannan injina ba ya tsufa da wuri. In an canza boris, an wasa zarto, an ɗaure bel, sai su ci gaba da tsaga maɗaci yadda suka saba. Abin da ya fi lalacewa a jikinsu, kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne makunni. Za ka tarar da zarto mai ƙarfin doki biyar da rabi ana kunna shi da makunni mai wuƙa irin na canja layi, ko da bireka da aka ƙusa a jikin katako, ko ma da waya biyu da aka lanƙwasa bakinsu ana saƙalawa.

Kafin a kwatanta komai, ga tambayar da za ka yi wa duk makunnin da aka miƙo maka: in an ɗauke wuta injin yana aiki, aka dawo da ita bayan minti ashirin, me zai faru? A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya sau da yawa a yini, ko ake kashe janareta don a ƙara mai, wannan tambaya ta fi kowace nauyi. An ɗauke wuta katako yana tsakiyar zarto, kowa ya saki jiki, yaro ya sa hannu zai zaro katakon ko ya kwashe dusar da ta taru a ƙarƙashi, ba wanda ya tuna cewa makunni yana nan a kunne. Wutar ba ta sallama in za ta dawo. Duk makunnin da zai bar injin ya tashi da kansa a wannan lokaci bai dace da injin katako ba, komai kyawunsa, komai arharsa. Mu a nan muke raba su gida biyu.

Gida na farko, masu zama inda aka bar su

Makunni mai wuƙa yana da kaurin ƙarfe kuma kana ganin buɗewarsa da idonka, shi ya sa aka yarda da shi. Amma an yi shi ne don raba layi lokacin da ba a jan wuta. Moto in zai tashi yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ja yana gudu, kuma hannun mutum ba ya rufe wuƙar da saurin da ake bukata. Kowace kunnawa akwai tartsatsi, bakin tagullar yana cinyewa, ya saki, ya fara zafi. A mai layi uku, wata rana wuƙa ɗaya za ta daina kamawa, moto ya ci gaba da juyawa a kan layi biyu yana gurnani har koyil ɗinsa ya ƙone. Ga kuma tartsatsi a fili a wurin da dusar katako take ko'ina, ga rani.

Bireka ta fi shi rufin asiri, sai dai aikinta tsare waya ne daga gobara. Ba ta san moto ba. In ka sa ƙarama, za ta faɗi duk lokacin da injin zai tashi. In ka sa babba don ta daina faɗuwa, moto zai iya dahuwa a hankali ita ko gezau. Kuma kunnawa da kashewa sau talatin a yini yana gajiyar da ita. Bireka tana da wurinta a cikin tsarin, a can baya wajen allon wuta, kuma ta zama mai harafin C ko D a jikinta. Mai B tana faɗuwa da ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C da 5 zuwa 10, mai D da 10 zuwa 20, don haka mai B ba za ta jure tashin moto ba.

Ƙananan makunnai na bango da masu murɗawa ba sa bukatar dogon bayani. A jikin wasu za ka ga an rubuta lamba biyu, misali 16 sannan 4 a cikin baka. Ta cikin bakan ita ce ta moto. Wanda ya karanta 16 ya ɗora masa moto mai jan amfiya 10 ya sayi makunnin da zai narke ciki ya manne, ranar da yake son kashewa ya ƙi.

Akwai wani da ke ruɗar mutane saboda kamarsa da na gaske: birekar moto mai maɓalli biyu, baƙi da ja, irin GV2, mai ɗan abin murɗawa na saita amfiya. Wannan kaya ne mai kyau, yana kare moto daga nauyi fiye da kima da kuma haɗuwar waya. Amma in an ɗauke wuta yana nan a kunne, sai dai in an maƙala masa ƙarin koyil a gefe wanda ke sauke shi in wuta ta tafi. Ka tambayi wannan ƙarin tun a shago. Haka nan na'urar nan mai nuna lamba da ake sawa a allo don ta yanke in wuta ta yi yawa ko ta yi rauni: ita da kanta take mayar da wutar bayan ɗan lokaci. In ita kaɗai ce a gaban makunni mai zama a kunne, ka ƙara wa kanka hanya ta biyu da injin zai tashi ba da saninka ba.

Gida na biyu, masu sakin kansu

Duk na wannan gida dabara ɗaya suke amfani da ita. Maganaɗisu ne na lantarki yake riƙe bakin makunnin a rufe, sifirin kuma yana jira ya buɗe shi. Wuta ta tafi, maganaɗisu ya saki, sifirin ya buɗe, kuma ba zai sake rufewa ba sai mutum ya danna koren maɓalli da yatsansa. Bambancinsu yana ga girman moton da za su ɗauka da kuma ko suna kare moton.

Mafi sauƙi shi ne ɗan ƙaramin makunni mai kore da ja a haɗe, wanda ake samu da lambobi irin KJD12 ko KJD17. Waya biyu suna shiga, biyu suna fita, aikin rabin awa. Wasu suna zuwa da murfi mai babban jan maɓalli da ake bugawa da tafin hannu. Ya dace da moto mai layi ɗaya daga doki ɗaya zuwa ɗaya da rabi, iyakarsa doki biyu: ƙaramin zarto, injin huda, injin wasa ƙarfe, ƙaramin injin juya ƙafar kujera. Raunin da yake da shi biyu ne. Ba ya kare moto daga nauyi ko kaɗan, kuma bakinsa siriri ne, in ya ƙone ba a gyarawa sai dai a jefar. Abu ɗaya da ake yawan kuskurewa wajen ɗaura shi: gefen shiga da gefen fita ba ɗaya ba ne. In aka juya su, ba zai yi aiki daidai ba. Zanen yana jikinsa, a bi shi.

Na biyu shi ne wanda muke ganin ya kamata ya zama makunnin yawancin injinan shagon kafinta: sitata mai kontakta da obalodi a cikin akwati ɗaya. Kontakta ita ce mai buɗewa da rufewa, obalodi kuma shi ne mai gadin moto. A cikinsa akwai ƙananan ƙarafa da ke lanƙwashewa in sun yi zafi da wutar da moto ke ja, in abin ya wuce inda aka saita sai ya yanke. Shi ne zai tsayar da injin lokacin da zarto ya dakushe ana danna masa ɗanyen kirya da ƙarfi, ko boris ya kama, ko layi ɗaya ya mutu. Kowane ɓangare a ciki ana iya cire shi a canza shi kaɗai, kuma masu aikin wuta a Hadeja ko Bichi sun san shi, domin irinsa ne a injinan niƙa da na rijiyar burtsatse.

Zaɓen girma daga farantin da ke jikin moto yake farawa. Goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ka karanta abu uku: ƙarfin wuta, amfiya, da kilowat ko doki. Doki ɗaya wat 746 ne. A wuta mai layi uku ta volt 400, moto mai kilowat 2.2 yana jan kusan amfiya 5, mai kilowat 4 wato doki biyar da rabi kusan 8.5, mai 5.5 kusan 11.5, mai 7.5 wato doki goma kusan 15. A layi ɗaya na 230 lamarin ya fi nauyi: doki uku yana kai amfiya 13 zuwa 15. In farantin ya goge ko an sake naɗa moton, a auna da mita mai baki yayin da injin ke cin katako, kada a yi cinta.

A jikin kontakta akwai lambobi biyu, AC-1 da AC-3. Ta AC-3 ita ce ta moto, kuma ita ce ƙarama. A layi uku na 400, mai amfiya 9 an yi ta don kilowat 4, mai 12 don 5.5, mai 18 don 7.5, mai 25 don 11. Za ka gan su da suna LC1-D09, D12, D18, D25, ko kuma CJX2-0910, 1210, 1810, 2510. Shawararmu ka hau mataki ɗaya sama da abin da lissafi ya ba ka. Bambancin kuɗin ba shi da yawa, kuma zafin watan Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano, ga wuta mai rauni, ga yawan kunnawa, duk suna cin bakin kontakta. Obalodi kuwa ba a hawa da shi sama. A zaɓi wanda amfiyar moton ta faɗo a cikin zangonsa: na 7 zuwa 10 ga moto mai 8.5, na 9 zuwa 13 ga mai 11.5, na 12 zuwa 18 ga mai 15. A murɗa shi ya tsaya daidai kan lambar farantin. Yana da ɗan maɓalli mai H da A. A bar shi a kan H, yadda in ya yanke sai mutum ya zo ya mayar da shi da hannu, ya kuma tambayi kansa me ya jawo.

Abin da ke kashe amfanin obalodi shi ne hannun mai injin. Ya yanke sau biyu ana tsakar aikin gadon amarya, sai a murɗa shi zuwa ƙarshe. Daga ranar ya zama ado. In yana yawan yankewa, a duba kaifin zarto, a duba ko bel ya yi tsauri, a auna wutar layukan uku, a hure dusar da ta toshe fanka da ramukan jikin moto. Kuɗin wasa zarto da kuɗin naɗin koyil ba kusa suke ba, balle kwanakin da shago zai yi a rufe moto yana wajen mai naɗi a Kano.

Yadda ake haɗa shi

Wannan aikin mai aikin wuta ne, amma mai injin ya kamata ya san abin da ake yi masa. Manyan wayoyi suna shiga kontakta ta sama a bakunan da aka yi wa lamba 1, 3, 5, obalodi yana maƙale a ƙasanta, wayoyin moto suna fita daga 2, 4, 6 na obalodi. Sai ƙaramar hanya ta umarni, da siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 1 ko 1.5: daga layi ɗaya ta bi ta ƙaramin fis mai amfiya 2, ta shiga jan maɓalli wanda a rufe yake kullum sai an danna, ta bi ta 95 da 96 na obalodi, ta shiga koren maɓalli wanda a buɗe yake sai an danna, ta ƙare a A1 na koyil ɗin kontakta, wato maganaɗisun da ke riƙe ta. A2 kuma ya tafi nutural ko wani layin, gwargwadon irin koyil ɗin. Sirrin riƙewar yana ga 13 da 14 na kontakta, waɗanda ake haɗawa gefe da gefe da koren maɓalli. Ka danna kore, kontakta ta kama, 13 da 14 suka rufe suka karɓi aikin yatsanka. Duk abin da ya katse wannan hanya, ja ne, obalodi ne, ɗauke wuta ne, kontakta ta saki. In kana son jan maɓalli na biyu a bayan injin, wajen wanda ke karɓar katako, a jera shi a layi ɗaya da na farko, wuta ta ratsa wannan ta ratsa wancan.

Koyil iri biyu ne a kasuwa, na 220 zuwa 240 da na 380 zuwa 415, kuma kontaktocin kamarsu ɗaya. Tsofaffin injina masu layi uku sau da yawa ba a kai musu nutural ba, waya uku ce da ta ƙasa, wato ta kariya da ake haɗawa da jikin injin. A nan koyil na 400 ake sawa tsakanin layi biyu. Wanda ya sa na 230 a wurin zai ga hayaƙi nan take. Kada kuma a yarda a ari wayar ƙasa a mai da ita nutural don koyil ya samu 230. Ranar da ta tsinke, jikin injin gaba ɗaya zai ɗauki wuta.

In moton mai layi ɗaya ne aka sa masa obalodi mai ƙafa uku, dole wuta ta bi ta ƙafafun uku duka. A shigar da mai wuta ta ƙafa ta farko, a zagayo da ita ta sake shiga ta biyu sannan ta tafi moto, nutural ya bi ta ta uku. In aka bar ƙafa ɗaya ba komai, obalodi zai ɗauka layi ne ya mutu ya riƙa yankewa ba dalili.

A kula ƙwarai da launin waya. A tsohon tsari layuka uku ja ne da rawaya da shuɗi, baƙi shi ne nutural. A sabon tsari layukan ruwan ƙasa ne da baƙi da toka, shuɗi shi ne nutural. Wato shuɗi da baƙi sun yi musayar aiki, kuma a tsohon injin da aka ja wa sabuwar kebul za ka tarar da duka biyun a akwati ɗaya. A gwada kowace waya da mita, kada a dogara da launi.

Inda sitata ke ba da wahala a karkara

Gaskiyar da mai sayarwa ba zai fara faɗa maka ba ita ce kontakta tana son wuta mai ƙarfi. An yi koyil ɗinta ya kama sosai daga kashi 85 cikin ɗari na wutarsa zuwa sama, wato kusan 195 a layi ɗaya, 340 a layi uku. A garin da ke ƙarshen dogon layi, ko da yamma lokacin da kowa ya ɗora kaya a kan taransifoma ɗaya, wuta tana iya sauka ƙasa da haka. Sai ka ji kontakta tana kaf-kaf-kaf, tana kamawa tana saki. Minti kaɗan na wannan ya isa ya ƙona bakinta ko koyil ɗinta. Haka take yi a kan ƙaramin janareta: ka danna kore, moto ya ja wuta, janareta ya durƙusa, kontakta ta saki.

A nan ne ake yin abin da ya fi komai muni, a cusa tsinke ko guntun katako a danne kontakta ta zauna a rufe. An mayar da ita makunni mai wuƙa ke nan, har ta fi shi haɗari, domin yanzu jan maɓalli ma ba ya aiki, obalodi ba ya aiki, kowa kuma yana zaton suna aiki. Kontakta da ta ƙi kamawa tana gaya maka ne cewa wutar ba ta isa moton ba, kuma moto a wuta mai rauni ƙarin amfiya yake ja, ya yi zafi. Maganin yana wani wuri. A duba kaurin kebul: moto mai layi ɗaya na doki uku yana son waya mai murabba'in milimita 4, in nisan ya wuce mita ashirin zuwa talatin a hau 6. A kankare bakin wayar da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ba zai ɗauki abin da aka rubuta ba. Janareta kuma ya kamata kVA ɗinsa ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na kilowat ɗin moton da za a tayar kai tsaye. A fara tayar da babban moto, ba katako a bakinsa, sannan ƙanana su biyo.

Sita-delta da inbata: ga wa suka dace?

Sita da delta hanyoyi biyu ne na haɗa koyil ɗin moto mai layi uku. Sitata mai sita-delta kontakta uku ce da agogon ƙidaya. Tana tayar da moto a haɗin sita, inda yake jan kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar tashi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta mayar da shi delta ya samu cikakken ƙarfi. Ga babban injin gogar katako ko zarto mai doki goma zuwa sama, musamman a kan janareta, tana da amfani ƙwarai. Amma tana da sharaɗi. Dole moton ya fito da bakin waya shida, kuma farantinsa ya nuna 400 da 690, ko 380 da 660. In 230 da 400 aka rubuta, wannan moto a sita yake zama a wutarmu. Ka mayar da shi delta ka ƙone shi. Obalodi kuma in yana kan wayoyin da ke shiga koyil ɗin moto, ana saita shi a kan amfiyar farantin sau 0.58, wato moto mai 15 a saita wajen 8.7. Wasu tsofaffin injina suna da irin wannan ta hannu, mai murɗawa mataki biyu. Matsalarta yaro ya bar ta a mataki na farko ya fara tura katako, moto ba ƙarfi, yana zafi. Ga moton da bai kai doki bakwai da rabi ba a kan wuta mai kyau, kuɗin sita-delta da yawan wayoyinta ba su biya ba.

Inbatar moto, wadda ake kira VFD, ita ce mafi tsada kuma mafi iya aiki. Tana tayar da moto a hankali ba tare da fizgar wuta ba, abin da janareta da sola suke so. Tana iya tsayar da zarto da wuri. A Ingila ƙa'idar injinan katako ita ce su tsaya cikin daƙiƙa 10, alhali tsohon zarto mai nauyi yana daɗewa yana juyawa shiru bayan an kashe. Babban amfaninta ga kafintan ƙauye shi ne tana karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, don haka wanda ya samu injin mai layi uku da arha a garin da layi ɗaya kaɗai ya iso zai iya aiki da shi. Wannan ya fi yiwuwa har zuwa kilowat 2.2, kuma sai moton ya zama mai 230 da 400, a juya ƙarafan akwatinsa zuwa delta. Ba a sa makunni ko kontakta tsakaninta da moto. Maɓallan kore da ja a ƙananan bakunanta na umarni ake haɗa su, kuma a shiga saitinta a kashe tashi da kai bayan dawowar wuta. Kada a matsa mata ta tsayar da zarto cikin daƙiƙa biyu, notin zarton yana iya kwancewa. Maƙiyanta su ne ainihin abin da ya cika shagon kafinta: ƙura, zafi, da wuta mai hawa da sauka. In ta lalace kuma ba kowane gari ake samun mai duba ta ba. In ba matsalar layi uku ce ta tilasta maka ba, sitata ta fi maka kwanciyar hankali.

Akwati da inda za a kafa shi

Makunni mai kyau a mugun wuri rabin aiki ne. Akwatin ya zama mai roba a bakin murfi, mai lamba IP54 ko sama, wato mai tare ƙura da fantsamar ruwa, wayoyi su shigo ta ƙasa ta cikin abin matse kebul, duk ramin da ya rage a toshe shi. Dusar katako mai laushi in ta kwanta a fuskar maganaɗisu sai kontakta ta fara gurnani, ga zanzaro da ke son gina ɗakinsa a irin wannan wuri, ga tsaka da ke shiga ta kwanta a kan layi biyu. Kada a kafa akwatin a jikin siririn kwano mai rawa, girgiza tana kwance sukurori. A yi amfani da waya mai silli-silli mai laushi, a sake ɗaure kowane sukuru bayan mako na farko, sannan lokaci-lokaci. Bakin waya da ya yi baƙi ko robarsa ta yi tauri alamar sako-sako ne.

Jan maɓalli ya kasance inda mai aiki zai same shi ba tare da ya duba ba, ba tare da ya miƙa hannu ta kan zarto ba. A zarton tebur, a gaba ta hagu ƙarƙashin bakin teburin ya fi. Kafinta kuma yana da abin da zai ƙara da hannunsa: falle na katako mai faɗin tafin hannu biyu, a rataye shi da hinji a saman akwatin, a manna ɗan guntu a bayansa daidai kan jan maɓalli, a huda rami daidai koren yadda sai da yatsa za a kai gare shi. Hannu biyu suna riƙe da katako ya fara tsalle, gwiwa ta buga fallen, injin ya mutu.

Tsohon makunni mai hannu, in mai akwatin ƙarfe ne kuma lafiyarsa ƙalau, kada a jefar. A mayar da shi bango a gaban sitata ya zama na raba wuta. Kontakta tana iya mannewa ciki, kuma ba a canza zarto ko wuƙaƙen injin goga da dogaro ga jan maɓalli kaɗai. A sauke na bango, in yana da wurin kwaɗo a sa, makullin a aljihun mai canzawa. Jikin injin da na akwatin kuma a haɗa su da wayar ƙasa zuwa sandar tagulla da aka kafa a wuri mai laima. A ƙasa mai yashi irin ta arewacin Jigawa sanda ɗaya da rani ba ta cika isa ba, shi ya sa na'urar yanke wuta mai miliyamfiya 30 a allon shago take da muhimmanci, ita ce ke ji in wuta ta fara bi ta jikin mutum.

In kuɗi bai isa a yi duka lokaci ɗaya ba, a fara da zarton tsaga, sai injin goga, sai injin fitar da ado, ƙananan su jira. Kayan ana samunsu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari a Kano. Ka tafi da hoton farantin moto a wayarka, ka sa a buɗe kwalin ka karanta lambar koyil ɗin kontakta da idonka. Jabu suna da yawa, kuma sau da yawa nauyi yana tona su, ta gaske ta fi nauyi a hannu.

Bayan an gama haɗi, a cire bel ko zarto kafin gwajin farko. A kunna a duba inda moto ke juyawa. In baya yake yi, a musanya layi biyu cikin ukun. Wannan dubawar a maimaita ta a kan janareta daban, da kuma duk lokacin da aka taɓa taransifoma ko wayar da ta shigo shago, domin jerin layuka yana iya canzawa, zarto kuma in ya juya baya notinsa kwancewa yake. A danna maɓallin gwaji na obalodi a ga ya yanke. Sannan, injin yana gudu, a je allo a sauke wutar shagon gaba ɗaya, a jira ya tsaya, a mayar. In ya motsa ko kaɗan kafin a taɓa kore, haɗin 13 da 14 ko na koren maɓalli ba daidai yake ba, a buɗe a gyara kafin a mayar da zarto.